Kafin a Haƙa Rami, a Faɗa Mana Yadda Za a Rufe Shi

A 'yan shekarun nan da wuya ka zauna a majalisa a Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago a tashi ba a sako zancen haƙar dutsen ma'adinai ba. A da hirar 'yan canji dala ce da sefa, ta 'yan shanu kuwa kuɗin tirela daga Arewa zuwa Oko-Oba. Yanzu kowa yana da ƙane ko suruki da ya samo fili a Nasarawa ko Filato ko Zamfara, ana cigiyar mai kuɗin da zai sa hannu a yi hayar eskabeta. Wannan litiyam, wancan dalma da tutiya, wancan zinare. Na sha jin ana lissafin farashin tan, da kuɗin tifa, da dako zuwa tashar Apapa, da kason mai gari, da na masu gadi. Har yau ban ji wanda ya sa ranar da dutsen zai ƙare a cikin lissafinsa ba, balle ya ce ga yadda zai yi da tulin da za a bari a bakin ramin. Ni kuwa wannan ranar ce ke damuna, domin ta fi duk sauran tsada, kuma masu biyan kuɗinta mutanen ƙauye ne da ba su ci ko sisi a cinikin ba.

Gwajin ruwa ne sana'ata, a wani ɗakin gwaji a Ikeja. Masu bohol da masu ruwan leda da masana'antu su ne ke kawo mana kwalabe. Amma a Bukur kusa da Jos aka haife ni, a tsakiyar kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa. Duk ɗan Filato ya san su: ruwa shuɗi, ba a ganin ƙasansa, gefensa a tsaye, kowace uwa tana jan kunnen ɗanta kada ya kusance su. Waɗanda suka haƙa sun kwashe sun tafi, ramukan suna nan. Sai dai kuzar Jos galibi daga tsakuwa da yashi aka wanke ta, don haka masifarta nutsewar yara da dabbobi ce, da gonakin da suka lalace, da baƙin yashi mai tururin da ke cutar da jiki. Abin da ake haƙa yanzu a wurare da yawa wani dangi ne daban, kuma sharrinsa a ruwa yake tafiya.

Dalma da tutiya da tagulla, da kwal, da zinare a mahaƙai da dama, sukan zo ne tare da ma'adinai masu farar wuta a jikinsu. Babbansu shi ne fairait, haɗin ƙarfe da farar wuta, mai ƙyalli ruwan ɗorawa da ke ruɗar sabon shiga ya zaci zinare ya tsinta. Muddin yana binne inda iska ba ta kaiwa, zai kwanta shekaru miliyoyi bai cuci kowa ba. Ranar da aka fasa shi aka fito da shi sarari, iska ta taɓa shi, ruwan sama ya jiƙa shi, sai ya soma tsatsa. Abin da wannan tsatsar ke haifarwa shi ne asid ɗin da muka sani da ruwan batir. Akwai kuma wasu ƙwayoyin bakteriya da cikin tsamin nan suke rayuwa, daga ƙarfen suke samun abincinsu, su ne ke hanzarta abin ninkin-ba-ninkin. Da zarar sun kafu, tsami sai ya riƙa jawo tsami, ba ya buƙatar kowa ya taimaka masa.

Kuma asid ɗin ba shi kaɗai yake tafiya ba. Yana ratsa tulin yana narkar da duk ƙarfen da ya tarar, dalma, tutiya, kadmiyam, asenik, alminiyam, ya kwashe su zuwa rafi da fadama da rijiya. Da ma'aunin pH muke auna tsamin ruwa. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta ce ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Ruwan da ke tsatsowa daga irin wannan juji yakan sauko zuwa 3, har 2. Kada lambar ta yi maka ƙanƙanta a ido, kowane mataki ɗaya ninki goma ne, wato ruwa mai 3 ya fi mai 7 tsami sau dubu goma. In ka je rafin da abin ya shafa za ka tarar da laka mai launin tsatsa ta lulluɓe duwatsu, ciyawar gaɓa ta ƙone, babu kifi, babu kukan kwaɗo. Wani abin ban tsoro ma shi ne, a kusa da bakin jujin ruwan yakan fito garau, domin tsamin ya yi ƙarfin da ƙarfen ke narke ba ya nuna kansa, sai ya haɗu da ruwa mai kyau a gaba sannan ya yi ja. Makiyayi ya ga ruwa mai haske, ya kora shanunsa.

Mu a Legas mun saba da jan ruwan bohol da ke ɓata tanki da fararen kaya. Wannan ƙarfe ne da ɗan tsamin da ƙasar nan take da shi, a bar shi ya sha iska a tace, an gama. Wanda nake magana a kai ya wuce nan nesa ba kusa ba.

Sharar mahaƙa iri biyu ce. Akwai tarkacen dutsen da ake turewa kafin a kai ga jijiyar da ake nema, manya da ƙanana, a jibge su tsibi guda. Akwai kuma dusar dutse, wato garin da ya rage bayan an niƙa an wanke an cire abin da ake so, wanda ake turawa da ruwa zuwa bayan wata madatsa. A mahaƙar zinare, giram kaɗan ake samu a cikin tan guda na dutse. Ma'ana kusan duk abin da aka tono yana nan a wurin, ba ya zuwa Apapa, ba ya zuwa ko'ina. Dusar ta fi saurin ɓarna saboda laushinta. Duk matar da ta taɓa jiƙa kanwa ta san dunƙule yakan kwana bai narke ba, gari kuwa nan take. Shi kuma tulin tarkace, ƙofofin da ke tsakanin duwatsunsa ne ke zuƙo iska har tsakiyarsa.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya daɗe yana canji a Agege. Ya aiko a kira ni bayan isha'i, na tarar da shi da abokansa biyu a kan darduma, ga tsohon buhun shinkafa a tsakiya. An kawo musu tayin hannun jari a wata mahaƙar dalma da tutiya. Kawu ya zaro dutse ɗaya ya miƙo mini, mai nauyi, toka-toka mai sheƙi, yana ɓarewa kusurwa-kusurwa. Shi ne dutsen da iyayenmu ke niƙawa su yi tozali. Babu shakka kaya ne mai kyau. Ni kuwa hannuna ƙasan buhun ya tafi, wurin baƙaƙen duwatsun da aka haɗo da su ba da niyya ba. Na haska da fitilar waya, sai ga ɗigo-ɗigon ƙyalli ruwan ɗorawa ko'ina a jikinsu.

Na ce, "Kawu, ku gafarce ni. Irin wannan da ba a so, ina za a riƙa zuba shi?"

Ya ce, "Daji ne fa, ɗana. Fili har ya yi yawa."

"Akwai rafi kusa?"

Ɗaya Alhajin ya karɓe, "Akwai mana, ai shi ya ƙara wa wurin daraja. Ba sai an sayi ruwan wanki ba."

"Allah ya ƙara girma, Alhaji, su wa ke shan ruwan daga ƙasa?"

Babu wanda ya sani a cikinsu. Takardar da aka ba su tana da hoton injin niƙa, da jadawalin riba, da kwafin lasisi. Babu layi ɗaya a kan ranar rufe mahaƙar.

Na roƙi baƙaƙen duwatsun na tafi da su wurin aiki. Na fara ɗiga musu ɗan asid mai rauni. Dutsen da ke da farar ƙasa a jikinsa, irin wadda ake siminti da ita, yakan yi kumfa yana ƙara, wannan kuwa ko motsi bai yi ba. Na daka wani ya zama gari, na zuba shi a ruwan faroksaid, wanda ke tilasta wa farar wutar ta yi a dare ɗaya abin da za ta yi a shekaru. Kwalbar ta yi zafi tana tafasa da kanta. Washegari da na tsoma ma'auni, ya faɗi ƙasa da 3. A wannan gwajin, duk abin da ya gaza 4.5 alama ce ta dutse mai haifar da asid. Na faɗa wa Kawu cewa buhu ɗaya ba ya wakiltar tsauni, amma ya isa ya sa mai hankali ya dakata.

Gwajin gaskiya ana yinsa ne tun ana huda ƙasa ana neman jijiya, a ɗauki samfur daga kowane irin dutse da za a ratsa, ba mai kuɗin kaɗai ba. Ana auna abu biyu: yawan farar wutar da ke iya zama asid, da yawan farar ƙasar da ke iya kashe shi. Lissafin a fili yake. Kowane kashi 1 cikin 100 na farar wuta yana buƙatar kilo 31.25 na farar ƙasa a kowane tan kafin a yi canjaras. Ɗauki ƙaramar mahaƙa da ta tara tarkace tan 100,000 mai kashi 2 cikin 100. Tana buƙatar tan 6,250. Tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 take ɗauka, ka ga an haura tirela 200 ke nan, kuma masana ba sa sakin jiki sai mai kashewa ya ninka mai haifarwa sau biyu ko uku. In sakamakon ya tsaya a tsaka-tsaki, sai a zuba dutsen a wani akwati a riƙa busa masa busasshiyar iska da mai danshi, ana wanke shi duk mako ana auna ruwan, aƙalla mako 20, sau da yawa fiye da haka.

Dalilin wannan dogon haƙuri shi ne abin yana da yaudara. 'Yar farar ƙasar da ke cikin tulin takan riƙe tsamin na wasu shekaru, ruwa ya riƙa fita lafiya lau, kowa ya ce ai babu komai. Sai ta ƙare. A lokacin kuwa kamfani ya naɗe kayansa, eskabeta tana wata jiha, mai lasisi ya canza lamba.

Kada wani ya ce wannan tsoratarwar Turawa ce, domin su Turawan ne suka fara ɗanɗanawa. A garin Butte na jihar Montana a Amurka akwai wani ƙaton ramin tagulla da aka kashe injinan zuƙe ruwansa a 1982. Ruwa ya taru, ya zama tafkin asid. A 1995 wani garken dinya masu ƙaura suka sauka a kai, aka tsinci gawar 342. A 2016 dubbai suka mutu. Har gobe ana tace ruwan ramin, kuma babu ranar dainawa. A Afirka ta Kudu, an fara haƙar zinare a yankin Johannesburg a 1886. Da mahaƙai suka rufe aka daina zuƙe ruwa, ramukan ƙarƙashin ƙasa suka cika, a 2002 ruwan asid ya ɓullo sarari kusa da Krugersdorp. Gwamnati ce ta koma gina tashoshin tacewa da kuɗin jama'a, alhali ribar ta daɗe da ficewa. A Zambiya kuwa, ran 18 ga Fabrairun 2025, madatsar sharar wani kamfanin tagulla ta ɓalle, kimanin lita miliyan 50 na ruwa mai asid ya kwarara zuwa kogin Kafue, kifaye suka mutu, gonaki suka ƙone, aka rufe famfunan birnin Kitwe.

A gida ma muna da namu. An gano kwal a Inugu a 1909, aka shafe shekaru ana haƙa. Tsoffin mahaƙai irin su Onyeama sun daɗe da tsayawa, amma ruwa mai tsami bai daina fitowa daga cikinsu yana shiga kogin Ekulu ba. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ta ƙura ya zo ba ta asid ba, amma tushen ɗaya ne: garin dutse da aka niƙa aka bari inda mutane ke rayuwa. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka kawo sabuwa.

To yaya ake yi? Abu uku ne ke haɗuwa su haifar da asid, farar wuta da iska da ruwa. Duk dabarar rufe mahaƙa ƙoƙari ne na raba tsakaninsu, kuma mafi arharta ita ce wadda direban tifa ke yi. In an san wane dutse ne mai guba wane ne lafiyayye, sai a ware su tun daga bakin rami. Ƙasar sama mai taki a kankare ta a ajiye gefe, domin ita ce za a nema a ƙarshe. Yumɓu a ajiye gefe. Dutse mai farar wuta a shimfiɗa shi siriri-siriri a kan daɓen yumɓu, a bi da katafila a danne, a kewaye shi ta kowane gefe da lafiyayyen dutse mai kauri, ya zama yana can ciki iska ba ta isa gare shi. A haƙa magudana ta sama da jujin don ruwan tudu ya kewaye shi. Kuma kada a kafa juji a kan hanyar ruwa ko a bakin fadama, komai sauƙin wurin. Wannan duka tsari ne kawai na inda kowace tifa za ta juye. Amma in aka cakuɗa komai wuri ɗaya na shekaru, sake rarrabewa na nufin a ɗauki tsauni guda sau biyu, kuma babu mai yi. Tun ran gini, tun ran zane.

Ita dusar dutse, a manyan mahaƙai ana iya sake bi da ita ta injin da ke tsame farar wutar, ya zama ɗan kaɗan ne mai haɗari, a san yadda za a killace shi. Wasu sukan kwaɓa ta da siminti su mayar cikin ramukan ƙarƙashin ƙasa. Inda ya yiwu, mayar da shara cikin ramin da ta fito, ƙasa da inda ruwan ƙasa ke tsayawa, ya fi komai kwanciyar hankali, matuƙar an tabbatar ruwan ba zai bi ƙarƙashin ƙasa ya ɓulla a rijiyoyin mutane ba.

A nan ne nake so a yi hattara da kwafo tsari daga wata ƙasa. A Kanada sukan nutsar da dusar ƙarƙashin ruwa, domin iskar oksijin tana ratsa ruwa a hankali sau kusan dubu goma fiye da yadda take yawo a sarari. Dabara ce mai kyau a ƙasar da tafki ba ya ƙafewa. Kai ta Zamfara ko Bauchi ka gani. Daga Nuwamba zuwa Afrilu babu ɗigon ruwa, hunturu ya busar, zafin bazara ya ƙarasa, tafkin ya janye ya bar dusar a fili tana shan iska. Wani farin gishiri yakan taru a samanta, asid ne da ƙarfe a bushe. Ruwan farko na damina sai ya wanke shi gaba ɗaya a yini guda zuwa rafi, daidai lokacin da rafin ba shi da ruwan da zai surka shi, dabbobi kuma sun fi kowane lokaci ƙishi. Jiƙa-bushe, jiƙa-bushe, babu abin da ya fi shi muni ga irin wannan shara. Ga kuma cewa tafki yana buƙatar madatsar da za ta tsaya har abada. Madatsar sharar mahaƙa da ta ɓalle a Brumadinho ta Barazil a Janairun 2019 ta kashe mutum 270.

Abin da ya fi dacewa da Arewa, a ganina, shi ne murfin ƙasa mai kauri da zai shanye ruwan damina ya riƙe shi a jikinsa, rana da saiwoyin ciyawa su zuƙe shi da rani, bai kai ga gubar da ke ƙasa ba. A Kudu, irin Ebonyi da Osun, ruwan ya fi ƙarfin wannan, sai an sa daɓen yumɓu da ba ya yoyo, a kwantar da gangaren don kada zaizaya ta yanka shi, a dasa ciyawa mai riƙe ƙasa irin jema da danginta. Kowane murfi kuma yana da maƙiyansa na gida da takardun waje ba su san da su ba. Gara tana huda yumɓu. Saiwar itace tana fasa shi. Shanu suna cinye ciyawar su tattake gangaren. Sannan ga babban cikinsu, matasan da za su zo da diga da shebur bayan kamfani ya tafi, su tone murfin suna neman abin da ya rage. Ba na ganin laifinsu, yunwa ce. Amma tsarin rufewar da bai zauna da mai gari da ardo da shugaban masu haƙa an amince wa zai kula da wurin ba, da me za a yi da filin bayan haka, a kan takarda kawai zai tsaya.

In an makara asid ya riga ya fara fita, sai magani, shi kuwa ba ya ƙarewa. Ana zuba ƙonanniyar farar ƙasa a ruwan, ƙarfen ya kwanta ya zama laka, a kwashe lakar a nemi inda za a binne ta, gobe a sake. Injin yana son wuta, yana son ma'aikaci, yana son kaya, shekara da shekaru bayan mahaƙar ta daina kawo ko kwabo. In ruwan kaɗan ne ana iya bi da shi ta lambatun da aka cika da dutsen farar ƙasa, ya faɗa fadamar da aka gina aka shuka kacala. Kacalar nan da ta addabi manoman Hadeja da Nguru tana da amfani a nan. Amma dutsen yakan yi rigar tsatsa ya daina aiki, fadamar takan cika, sai an sabunta. Muna da farar ƙasa a Ewekoro da Obajana da Ashaka da Kalambaina, sai dai ba kyauta ake ɗauko ta ba, kuma dako ya fi ta tsada.

Shi ya sa maganar ta koma kan kuɗi. Dokar ma'adinai ta 2007 ba ta yi shiru ba. Ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya gabatar da rahoton tasirin aikinsa ga muhalli, da shirin kare wurin da gyara shi, ya zuba kuɗi a asusun gyaran muhalli, ya kuma ƙulla yarjejeniya da al'ummar da ke wurin. Akwai sashe guda a ma'aikatar ma'adinai da aikinsa ke nan. Abin da nake gani shi ne mutanenmu suna ɗaukar waɗannan takardu a matsayin shingen da ake tsallakewa a karɓi lasisi, a ba wani ya rubuto, a jefa a durowa. Ni kuwa na ce ko babu jami'in da zai zo dubawa, mai zuba jari ya kamata ya nemi a ware kuɗin rufewa daga kowace tirela da aka sayar, a asusun da mutum ɗaya ba zai iya taɓawa ba. Mahaƙai da yawa ba sa kaiwa ranar da aka tsara musu. Farashi ne ke faɗuwa, ko tsaro ya taɓarɓare, ko abokan ciniki su ɓata, a wayi gari an watse. Don haka a riƙa rufe kowane ɓangare da zarar an gama da shi, tun eskabeta tana wurin, tun akwai kuɗin man da za a zuba mata.

Ɗaya daga cikin abokan Kawu bai ji daɗin maganata ba. Ya ce in aka bi duk wannan ribar za ta ragu, kuma maƙwabtansu a dajin babu mai yi. Gaskiya ya faɗa, za ta ragu. Abin da na ce masa shi ne, ribar da ake gani a takardar ta yi kauri ne saboda an cire wani kuɗi an ɗora wa mutanen da ke ƙasan rafi ba da saninsu ba. Kawu ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce shi abin da ya sani a addini babu cuta babu cutarwa, kuma ba zai kai kuɗin da ke da haƙƙin ƙauye guda gidansa ba. Ya ce a koma a tambayo sakamakon gwajin duwatsun, da taswirar inda za a zuba shara, da sunan garuruwan da ke shan rafin. Har yanzu ana jiran amsa.

Na san yawancin ramukan da ke Arewa ba na manyan kamfanoni ba ne, na ƙananan masu haƙa ne da ba su da injiniya. Su ma akwai abin da ke hannunsu. Kada a wanke dutse a cikin rafi, a haƙa kududdufin wanki nesa da shi a daɓe da yumɓu. Kada a niƙa a cikin gari. Baƙin dutse mai ƙyalli a mayar da shi ramin da aka gama da shi a rufe da jar ƙasa kafin damina. Masu sayen kayan da masu ba da jari, waɗanda da yawansu a nan Legas muke sallah tare, su ne ke da bakin da za a ji, domin su ke riƙe da kuɗin.

Sai batun sa ido. Kafin a sa diga a ƙasa, a ɗebi ruwan rafin daga sama da wurin da kuma ƙasansa, da na rijiyoyin ƙauyen, a auna a ajiye sakamakon. In babu wannan, ranar da ruwa ya lalace mai mahaƙa zai ce da ma haka yake, kuma babu mai ƙaryata shi. A ci gaba da aunawa a ƙarshen rani da bayan ruwan farko, lokacin aiki da kuma shekaru bayan an rufe. Kada a tsaya kan pH kaɗai, domin ruwa yana iya zama ba tsami amma yana ɗauke da asenik ko tutiya. Ƙa'idar dalma a ruwan sha miligiram 0.01 ce a lita, haka ma asenik, ido ba ya gani, harshe ba ya ji. Ma'aunin pH na hannu kuwa ba shi da tsada, malamin makaranta ko ma'aikacin asibitin ƙauyen zai iya koyon amfani da shi a zama ɗaya. Kowane sakamako a yi kwafi biyu, ɗaya na kamfani, ɗaya a kai wa mai gari a karanta masa da harshen da yake ji, a gaban jama'arsa.